Idon Rabaran, Kunnen Malam, Hannuna

Jiya na ji ku kuna ta dariya a bakin shago, wai sana'ar fassara ta mutu, wai yanzu mutum ya zuba Turanci a waya sai ta amayo masa Hausa kafin ya gama hamma. Ban tanka muku ba, don bakina cike yake da gyaɗa. Yau na haɗiye, sai ku gyara zama. Ni Ishaya, a wannan sana'a gashin kaina ya yi fari a garin Kafanchan. Na juya takardar maganin feshin citta, na juya sammacin kotu, na juya tarihin mamata da ake rabawa a wurin jana'iza, inda kowane mamaci yake zama mai haƙuri ko da a raye maƙwabta gudunsa suke yi. Kuma ku sani ba da Hausa aka goye ni ba. Mutumin wajen Kachia ne ni, muna da yarenmu. Hausar a kasuwa da coci na tsince ta, na wanke, na riƙe.

A wajen Baba Tanko na koyi aiki, tsohon tafintan cocinmu. Mutum ne da ba ya yabo, in ka yi daidai sai ya yi shiru, shirun nan shi ne ladanka. Shekara biyu ina riƙe masa jaka kafin ya bar ni na tsaya a gaban jama'a. Ranar farko wani baƙon mai wa'azi ya zo daga kudu, yana zuba Turanci ina juyawa, komai lafiya lau, har ya kai inda ya ce ba duk wanda ke zaune a cocin ne zai shiga sama ba. Ni kuwa na buɗe baki da ƙarfina na ce, "Dukanku da ke zaune a nan ba za ku shiga sama ba." Coci ta yi tsit. Wata tsohuwa a layin zumuntar mata ta ɗauki jakarta ta miƙe, ta ce, "To in haka ne, bari in je in duba wake na a wuta." Baba Tanko ya jira sai da muka fito. Ya ce, "Ishaya, 'ba' guda ɗaya ka ɗauke daga gaba ka kai baya, ka kulle wa mutane ƙofar sama. Nan gaba ka lura da inda kake ajiye ƙananan kaya."

Da na buɗe shagon nan, kayan aikina ba su wuce tsohuwar tafireta ba, da ƙamus biyu da bangonsu ya gaji da duniya, da jan biro. Tafiretar ba ta san harufanmu masu lanƙwasa ba, sai na gama bugawa in bi shafi da biro ina ɗora wa kowane ƙa da ɗa da ɓa ƙugiyarsa. Wata rana na buga tsarin bikin aure cikin gaggawa, na manta ƙugiya ɗaya. Maimakon a fara ba baƙi abinci, takarda ta ce a fara ba baki abinci. 'Yan unguwa suka ce ai su ma suna da baki, suka yi layi. Dangin ango da suka taso tun daga Kajuru da ƙanzon shinkafa suka koma, uwar amarya kuma ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata.

Amma aikin da nake so in ba ku labarinsa ya shigo ne wata Alhamis da hantsi, a cikin jakar Rabaran Didam. Kowa Baba Rabaran yake ce masa. Mutumin wajen Zangon Kataf ne, ya yi ritaya daga aikin coci, kuma yana saurayi an tura shi ƙasar waje karatu, inda ya koyo Ibraniyanci, harshen Yahudawa na dā. A lokacin da nake magana idonsa na hagu ya riga ya tafi, likita kuma ya gaya masa na daman ma yana kan hanya, ba magani, sai dai jinkiri.

A jakar nan akwai wasu takardu da aka ɗauki hotonsu da inji, shafi arba'in da wani abu. Malaminsa na can ne ya ba shi tsaraba ranar da zai dawo, ya ce masa ɗan ƙaramin littafi ne da wani masanin Yahudawa ya rubuta ɗaruruwan shekaru da suka wuce, a kan yadda ake gane hujjar da ta tsaya da wadda ta gurgunce. Shekara arba'in Baba Rabaran yana yawo da takardun. Harufan duk ya san su kamar 'ya'yansa, amma in ya haɗa su sai su ƙi zama kalmar da ya sani. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don a ransa ya ɗauka Ibraniyancin nasa ne na jabu.

Ranar ya kawo mini wasiƙa in buga masa, ya zauna a benci yana jira, ya ciro takardun yana karantawa a fili kamar yadda ya saba. A ɗaya gefen bencin kuwa akwai Malam Hudu, mai karantar da manya a zaurensa can wajen tsohuwar tashar jirgi, shi ma yana jiran in juya masa takardar fili zuwa Turanci. Na ga Malam ya karkata kai, ya yamutse fuska kamar wanda ake cire wa haƙori.

Ya ce, "Gafarta, Rabaran. Yaushe ka fara Larabci?"

"Ni? Ban taɓa ba. Wannan Ibraniyanci ne."

"To Ibraniyancin nan naka ya yi kama da Larabcin da mota ta taka. Maimaita mini layin nan a hankali."

Baba Rabaran ya maimaita. Malam Hudu ya rufe ido, ya juya kalmomin a bakinsa, ya gyara musu wasulla, sai ga jimla ta miƙe tsaye da ma'anarta. Ya leƙa takardar, bai gane ko harafi ɗaya ba. Ya ce, "Ai wannan ajami ne. Yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da harufan Larabawa, haka waɗannan suka rubuta Larabci da nasu harufan." Baba Rabaran ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Shekara arba'in ina zargin kai na, ashe laifi ba nawa ba ne."

Daga baya ya rubuta wasiƙa can inda ya yi karatu, amsa ta tabbatar da maganar Malam. Yahudawan da suka zauna cikin Larabawa da Larabci suke rubuta iliminsu. 'Yan'uwansu na ƙasashen Turawa da ba su jin Larabci su suka juya shi zuwa Ibraniyanci, kuma da yake harshen nasu ba shi da kalmomin wannan fanni sai da suka ƙera sababbi, wani ya juya, wani ya zo ya ce bai yi ba ya sake. Na ji daɗin wannan labari ƙwarai, don na gane ciwon kan da nake sha tsoho ne, gadonsa na yi. Har fassarar Turanci mutanen makarantar tasa suka haɗo masa da ita. Ya sa na karanta masa shafi biyu, ya ce in tsaya. Ya ce, "Wannan kunu ne da aka ƙara wa ruwa sau biyu. Ni daga tukunya nake so, kai tsaye zuwa Hausa, saboda masu bishara na ƙauye. Suna gardama da zuciya, ba su da ma'auni. Kuma Ishaya, ina so in kai shi ƙarshe da wannan ido kafin shi ma ya yi ritaya."

Haka muka kafa majalisa, Talata da Alhamis, daga hantsi zuwa kiran azahar. Ku da kuke cewa aikin danna waya ne, ku saurari yadda layi ɗaya yake fitowa. Baba Rabaran yana ganin harufa, bai san abin da suke cewa ba. Malam Hudu yana jin abin da suke cewa, ba ya iya ganinsu. Ni ba na gani ba na ji, amma alƙalami a hannuna yake. Rubutun kuma ba shi da wasulla, ƙasusuwan kalma ne kawai. Rabaran zai furta ƙasusuwan da irin naman da ya ga dama, Malam ya yi tsaki, ya gwada kalma uku ko huɗu har ɗaya ta zauna daidai da maƙwabtanta. Sannan ya bayyana mini da Hausar malamai, wadda rabinta Larabci ne sanye da hula. Ni kuma in sauke ta ƙasa, zuwa Hausar da manomin citta zai ji ba tare da ya ajiye fartanya ba. Ranar da muka yi layi goma, ranar mun yi gudu.

Sunan fannin ma sai da ya ci mana mako biyu. Rabaran ya ce lojik, Malam ya ce manɗiƙi, kowa ya kafe. Na ce musu in na rubuta lojik mutanen ƙauye za su ɗauka maganin ƙwari ne, in na rubuta manɗiƙi za su ɗauka sunan wani Bafulatani ne. Na rubuta "awon magana". Dukansu biyu suka ce bai yi ba, da haka na san ya yi.

Gindin littafin shi ne yadda magana biyu suke haɗuwa su fitar da ta uku. Malam ya ce kalmar da Larabawa ke kiran ta ukun da ita, asalinta daga haihuwar dabba ne. Sai na sa wa biyun farko uwa da uba, ta ukun ɗa. Akwai kuma wata kalma da take fitowa a cikin uwa, ta fito a cikin uba, ta haɗa su, amma in ɗa ya zo ba a ganinta. Wannan ta wahalar da ni har na daina jin daɗin abinci. Wata ranar kasuwa ina tsaye a Kachia ina kallon ana lodin citta, na ga mutumin da ya haɗa manomi da mai saye yana karkaɗe riga yana tafiyarsa, mota kuma ta tashi ba shi a ciki. Na dawo na rubuta "dillali". Malam Hudu ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce malamansa na Zariya da sun ji da sun kore shi, amma shi kansa sai yau ya fahimci abin sosai.

Misalan ma namu muka riƙa sakawa a ƙasan shafi. Ga wanda na fi so. Uwa: duk akuya tana ɓarna. Uba: dabbar da ke ɗaure a bayan gidan Rabaran akuya ce. Ɗa: dabbar da ke ɗaure a bayan gidan Rabaran tana ɓarna. Akuya ita ce dillali, ta haɗa ciniki ta ɓace. Mama Saratu, matar Baba Rabaran, ita ke rako shi ta kuma dawo ta ɗauke shi, ranar ta iso muna tsakiyar wannan. Ta ajiye kwanon gwaten acca da ta kawo mana, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Maza uku, aiki na mutum ɗaya. Sai da littafin Yahudawa kuka san akuya yana ɓarna? Ku je ku tambayi rogo na."

Sau ɗaya na roƙi Baba Rabaran ya koya mini harufan, ashirin da biyu ne kacal, na ce aiki zai fi sauri. Ya rufe takardun da tafin hannu kamar na ce zan ƙwace. Ya ce, "Kowa ya tsaya a gonar shi. Malam yana da kunne, kai kana da hannu, ni ido ne nawa." Ban sake tayar da maganar ba. Amma a damansa nake zama, yana bin layi daga dama zuwa hagu yana furtawa, ni kuma ba makaho ba ne. Kafin shekara ta zagayo na san harufan nan sarai. Ban yi niyyar sata ba, su suka bi ni gida.

Sai shekarar da ba ta yi mana kyau ba ta zo. Gari ya rikice, kun dai san irin abin, ba sai na tona ba. Unguwa ta daina shiga unguwa. Malam Hudu bai iya ƙetarowa nan, mu ba mu iya zuwa can, shago ma rufe shi na yi na koma ƙauye noma. Wata biyar ba mu haɗu ba. Ni da Malam ba abin da wata biyar ya rage mana sai ƙiba, amma idon Baba Rabaran bai san an tafi hutu ba, ya ci gaba da tafiyarsa.

Ranar da muka dawo, bayan an gama tambayar wa ya rasa me, muka buɗe inda muka tsaya, saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai wata kalma da ta fito mana ya fi sau ɗari, "had", wadda Malam ya ce tana nufin iyaka, kuma idan aka ce ta tsakiya to dillalinmu ake nufi. Ranar Baba Rabaran ya kai takarda kusa da hanci ya ce "har". Malam, hankalinsa na kan kofin shayinsa, ya ce wannan zafi ke nan. Ni ma hannuna ya riga kaina, na rubuta. Da na karanto musu abin da ya fito, sai ga shi wai idan matsakaicin zafi ya shiga tsakanin magana biyu, dole su haifi ta uku.

Malam ya ce, "Awon magana muke yi ko dahuwar ƙwai?"

Ni da shi muka fashe da dariya. Baba Rabaran bai yi ba. Harufan biyu, Dalet mai ba da "da" da Resh mai ba da "ra", kamanninsu ɗaya, bambancin ɗan dunduniya ne a kafaɗar Dalet wanda bai fi ƙwayar acca ba. Na saci kallon shafin, ga dunduniyar nan ɓaro-ɓaro. Nan take na daina dariya. Malam ya lura, ya yi sauri ya ce wataƙila injin hoto ne ya cinye ta. Baba Rabaran ya ce ƙwarai, injinan nan ba su da kirki. Amma kafin azahar ya yi irin wannan kuskure sau bakwai.

Washegari Mama Saratu ta zo ita kaɗai, ba kwano a hannunta. Ta zauna a benci ta ce, "Ishaya ɗana, ido ya tafi, saura kaɗan. A gida ba ya gane ni sai na yi magana. Amma ran Talata da Alhamis tun da safe ya yi wanka, ya sa farin kwalan shi na Rabaran a wuya, yana tambaya na ƙarfe nawa. In kun karɓe wannan aiki daga hannun shi, kun binne shi da rai. Ku masu ilimi ne, ku yi dabara." Tausayinta ya kama ni, na shi kuma ya fi. Na ce mata ta je, za mu san abin yi.

Dabarar da muka yi ba ta da kyan faɗa. Na ɗauki hoton sauran shafukan na ajiye nawa. Kowace Litinin da Laraba da la'asar sai in tafi zauren Malam Hudu, in karanta masa shafin gobe da Ibraniyancina na sata, ya warware ma'anar, ya haddace. Washegari Baba Rabaran ya zo ya karanta abin da idonsa ya ba shi, Malam ya rufe ido, ya yi tsakin da ya saba, ya yi kamar yana lalube, sannan ya faɗi abin da muka riga muka dafa tun jiya. Abin ya dami Malam. Ya tambaye ni, "Malam Ishaya, wannan da muke yi, ƙarya ce ko taimako?" Na ce masa fassara ce. Ya ce Allah ya shirye ni, amma ya ci gaba da zuwa.

Wata huɗu muna wannan wasa. Karatun Baba Rabaran kuma kullum ƙara lalacewa yake, har ya kai mun daina sauraron abin da yake furtawa, muna jiran ya yi shiru ne kawai. Matsalar ita ce Malam Hudu ya fara jin daɗin rawar da yake takawa. Mutumin da dā yake shan rabin sa'a a kan kalma ɗaya, yanzu kafin Rabaran ya rufe baki ya zubo fassara santala-santala. Na sha taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, sai ya ce ai ilimi ne ya buɗe.

Saura shafi uku littafi ya ƙare, wata Talata, Baba Rabaran ya zo fes da kwalarsa. Ya ɗaga takarda, ya gyara murya, ya karanta dogon layi daga can cikin maƙogwaro, irin yadda Malam yake so. Malam ya lumshe ido, ya yi tsaki ɗan kaɗan don cika al'ada, ya kawo bayani mai kyau a kan yadda ake rarraba fannonin ilimi. Na duƙa ina rubutawa.

Baba Rabaran ya ce, "Ishaya, ajiye biro." Na ajiye.

Ya ce, "Malam, abin da na karanta yanzu, ka ji shi da kyau?"

"Sarai, Rabaran. Yau ma karatunka ya fi na kullum fita."

"Madalla. Da yaren mu na yi shi. Cewa na yi miyan karkashi ya fi na kuka daɗi in an sa daddawa da yawa."

Ni da yake yarenmu daban da nasu, ko kalma ɗaya ban tsinta ba, Malam kuwa dama ba a magana. Baba Rabaran ya jingina da bango, ya haɗa yatsu a kan ciki kamar zai fara wa'azi.

Ya ce, "Bari mu gwada ko littafin nan yana aiki. Uwa: duk wanda ya fassara abin da ba a karanta mashi ba, ya riga ya ji shi a wani wuri. Uba: Malam Hudu ya fassara abin da ba a karanta mashi ba. Ɗa: Malam Hudu ya riga ya ji shi a wani wuri. Malam, kai ne alƙali. Ɗan halak ne?"

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan halak ne, Rabaran. Har ya ɗauko kamannin ubansa."

"To saura ƙanen shi. A garin nan ba mai karanta harufan nan sai ni, ko wanda ya zauna kusa da ni shekara biyu yana leƙe. Ni ban je zauren ka ba." Ya juyo da fuska wajena, idon bai same ni daidai ba, ya ɗan zarce kafaɗata. "Tun yaushe, Ishaya?"

Na ce, "Wata huɗu, Baba."

Kunyar da na ji ranar ta fi ta ranar da na kulle ƙofar sama. Na fara kame-kame, ina so in ce don alheri muka yi, kuma ba na so in ambaci Mama. Ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai ji haushi don na koya ba, ɗalibin da ya zauna shekara biyu bai saci komai ba ai dutse ne. Abin da ya ƙona masa rai shi ne mun mai da shi yaron da aka ba murfin tukunya aka ce yana tuƙa mota. Ya ce littafin gaba ɗaya a kan raba gaskiya da abin da ya yi kama da ita yake, mu kuma muka zo muka kammala masa shi da abin da ya yi kama da ita. Malam Hudu ya nemi gafara. Ni ma na nema.

Baba Rabaran ya gyara zama. Sannan ya turo mini takardun ta kan tebur.

Ya ce, "Karanta, Ishaya. Da ƙarfi, in ji. Amma kalma na ƙarshe nawa ne. Kada wanda ya taimake ni, kuma kada wanda ya sake yi mini ƙarya."

Zama biyu shafi ukun nan suka ci. Ina karantawa yana tare ni, wai ba haka ake furta wannan ba, wai na haɗiye wancan, Malam kuma yana cewa mu biyun duk laifinmu ɗaya a wurin Larabci. Ranar Alhamis, ana saura kaɗan a kira azahar, na kai layin ƙarshe na tsaya. Kalma ɗaya ta rage, ita kaɗai a ƙasan shafi, harafi biyu tak. Mama Saratu ta riga ta iso, tana tsaye a bakin ƙofa.

Baba Rabaran ya ce a fitar da shi rana. Muka kai masa kujera nan waje, daidai inda kuke ajiye baburanku. Ya kai takardar har tana taɓa girarsa, ya karkatar da kai yana neman ɗan gefen idon da ya rage.

Ya ce, "Ham."

Na ji bakina yana so ya ce daidai. Malam Hudu ya riga ni, ya ce, "A'a, Rabaran."

Baba ya gyaɗa kai, kamar ma ya ji daɗin a'ar. Ya share ido da hankici, ya sake duƙawa. Ya ce na farkon yana da ɗan ƙafa a hagu, saboda haka "ta" ne ba "ha" ba. Ya koma kan na biyun, ya daɗe, gumi yana bin kwalarsa.

Ya ce, "Tas."

Malam ya ce, "Da Hausa ka yi daidai. Da Larabci da saura."

Har Mama sai da ta yi dariya, tana share hawaye da bakin zane. Baba Rabaran bai kula mu ba. Ya juya takardar dama, ya juya ta hagu, ya sa hannu ya tare hasken ya sake saki. Masu wucewa suka fara tsayawa suna kallon tsoho yana shinshinar takarda. Ni dai ina roƙon Allah a raina ya ara masa minti ɗaya.

Can ya ce a hankali, "Ba zagaye yake ba. Yana da kusurwa. Wannan 'ma' ne." Ya ɗago kai. "Tam."

Malam Hudu ya ce, "Tamma. Ma'anarsa an kammala. Wallahi daidai ne, Rabaran, kuma wannan karon ban ji shi a ko'ina ba sai a bakinka."

Baba Rabaran ya miƙo takardar wajen da yake jin numfashina, ya ce, "Na gama nawa. Rubuta naka."

Na shiga na zauna gaban tafireta. A Larabcin kalma ɗaya ce, ni na sa uku, kuma duk wanda ya ce na ƙara gishiri ya zo ya same ni, ina nan. Ga kwafin can a kan kanta, mai koren bango. Ɗayanku ya ajiye wayarsa ya buɗe shafin ƙarshe, ya karanta wa sauran abin da ke ƙasa.

Ya ƙare tas.